Daɗin Kuskure: Nazari a kan Kacici-kacicin Barkwanci a Talabijin na Ingila

Daga cikin shirye-shiryen da suka yi kaka-gida a talabijin na ƙasar Ingila akwai wani nau'i mai siffar gasar kacici-kacici, amma jigonsa barkwanci ne. Akan zaunar da mutum huɗu, biyu dama biyu hagu, alƙali yana tsakiya yana jefa tambaya yana raba maki. Abin lura shi ne, da wuya a sami mai kallon da zai tuna wanda ya ci gasar bayan an tashi. To, in ba cin gasa ba, me ke zaunar da jama'a?

Shirin QI, wanda BBC ta soma nunawa a 2003, ya isa misali. Stephen Fry ne ya fara alƙalancinsa, Sandi Toksvig ta gaje shi a 2016. Ƙa'idarsa ita ce, amsa mai ban sha'awa tana samun maki ko da ta kauce wa tambaya, amma wanda ya ba da amsar da kowa ya ɗauka daidai ce alhali kuskure ce, sai a kaɗa masa ƙararrawa a zabtare masa maki. An taɓa tambaya ko wata nawa ke kewaya duniya. Alan Davies ya ce ɗaya, ƙararrawa ta tashi, aka ce biyu ne. Daga baya ta bayyana wannan na biyun ba wata ba ne, wani dutse ne mai kewaya rana. Ashe alƙalin ma bai tsira ba. Mai kallo a gida, wanda shi ma "ɗaya" ya ce a ransa, ya faɗa ramin tare da ɗan wasan, sai dai ba wanda ya ga faɗuwarsa. Ya ƙaru da ilmi, wani ya ɗaukar masa kunyar.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A kacici-kacicin dandali, wanda ya kasa amsa yakan ba da gari, a ce an ba mai tambaya Kano ko Katsina, shi kuwa har yana iya ƙin garin da bai yi masa ba. Garin nan da makin talabijin duk ɗaya ne: tara ce wadda ba ta rage wa kowa komai, amma in babu ita wasan ya lalace, domin ita ke halatta a yi wa mutum dariya. Zolayar da ke tsakanin 'yan wasan kuma tana kama da ta abokan wasa, irin ta Fulani da Barebari, inda maganar da za ta jawo faɗa a wani wuri take zama alamar zumunci.

Sai dai wannan halasci yana da illa idan ɗan siyasa ya shigo fage. Shirin Have I Got News for You, wanda ya fara a 1990, daga labaran mako yake ɗebo tambayoyinsa, kuma yakan gayyaci 'yan majalisa. A 1993 da Roy Hattersley ya kasa halarta, sai aka ajiye robar kitse a kujerarsa, aka ci gaba da wasa da ita. Talaka yana jin daɗin ganin an muzanta babba, amma babban da ya iya shanye zolaya yakan tashi da farin jinin da bai zo da shi ba, domin ya zama abokin wasa, shi kuwa abokin wasa ba a bin sa bashin laifi. Boris Johnson ya fara bayyana a shirin a 1998, aka yi ta yi masa dariya yana taya su, har ya riƙa zaman alƙalanci. A 2019 ya zama Firayim Minista.