Lasisin matuƙin jirgi idan ya ƙetare iyaka

A daren 31 ga Disamba 2020 Birtaniya ta fice daga tsarin EASA, hukumar da ke kula da lafiyar jiragen sama a Tarayyar Turai. Gari na wayewa, matuƙin da ke riƙe da lasisin Birtaniya ya rasa izinin tuƙa jirgi mai rajistar Faransa ko Jamus, alhali manhaja ɗaya da jarrabawa ɗaya suka yaye shi da takwaransa na Faris. Birtaniya ta ɗaga ƙafa na shekara biyu, daga farkon 2023 ita ma ta daina karɓar lasisin Turai. Gwanintar mutanen nan tana nan yadda take, siyasa ce ta raba takardunsu, su kuma suka biya da kuɗinsu da lokacinsu.

Tushen abin yana cikin yarjejeniyar Shikago ta 1944. Ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ce ke ba matuƙinsa lasisi, ko ta amince da wanda ya zo da shi. Hukumar ICAO mai kula da sufurin sama na duniya tana gindaya mafi ƙarancin sharaɗi, kowace ƙasa ta ɗora nata. Shi ya sa ɗan Najeriyar da ya koyo tuƙi a Afirka ta Kudu ko Amurka sai ya bi ta hannun hukumar sufurin sama ta Najeriya, NCAA, kafin ya kama aiki a gida. Inda gizo ke saƙar shi ne shaidar tuƙi da na'ura, wato izinin tashi da sauka cikin gajimare ko hazo, lokacin da ido ba ya ganin ƙasa, sai dogaro da agogunan da ke gaban matuƙi da umarnin masu kula da sararin sama. Samun wannan shaida yana cin sa'o'i masu yawa da kuɗi mai nauyi, don haka tilasta wa ƙwararre ya koma farko ba ƙaramin zalunci ba ne.

Masu goyon bayan tsanantawa suna da hujja mai ƙarfi. A 2020, bayan hatsarin jirgin kamfanin PIA na Pakistan a Karachi, ministan sufurin sama na Pakistan ya shaida wa majalisa cewa akwai shakku kan lasisin matuƙa 262 cikin 860, Turai kuma ta dakatar da kamfanin. Takarda tana iya yin ƙarya, kuma rayuka ne a cikin jirgi. Amma maganin takardar bogi sananne ne: a tuntuɓi hukumar da ta bayar da ita, sannan a zaunar da mutum kusa da mai jarrabawa ya tashi da jirgi a gani. Maimaita karatun aji na watanni ba ya kama mai lasisin jabu, mai gaskiya kawai yake wahalarwa.

Turai da kanta ta nuna akwai hanya. Tun 2014, wanda ya zo da shaidar tuƙi da na'ura daga wata ƙasa, kuma ya yi sa'a 50 yana jagorantar jirgi a wannan yanayi, gwajin tuƙi kawai zai yi, mai jarrabawa ya yi masa tambayoyi da baki kan dokar sama, yanayi da tsara tafiya. Nan ne ainihin bambancin yake, domin ƙanƙarar da ke daskarewa a fiffike a sararin Turai da tsarin hanyoyinta ba lallai ne wanda ya koya a Fulorida ya saba da su ba. A Mayun 2021 yarjejeniya tsakanin Amurka da Tarayyar Turai ta ƙara sauƙaƙa musayar, sai dai ta tsaya ga masu tuƙin ƙashin kansu. Kyaftin ɗin da ya shekara ashirin yana ɗaukar fasinja a Amurka, in yana son aiki a Turai, har yanzu jarrabawar rubutu 13 na jiransa, kuma wannan ne ɓangaren da ya kamata hukumomin Amurka da Turai su koma teburi a kai.