Shirya Hotuna Kafin A Haɗa Su Bidiyo

Duk wanda ya san Tukur-Tukur a Zariya ya san wuri ne na takarda da tawada. Nan Kamfanin Gaskiya yake, wanda aka kafa a 1945, inda aka daɗe ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da Malam Abubakar Imam ya fara yi wa edita a 1939. Kakana ya yi aikin ɗab'i a can, ya kuwa bar mana hotuna cikin wata tsohuwar adaka. A hutun da ya wuce na ƙudura niyyar haɗa su su zama ɗan gajeren bidiyo, domin danginmu na nesa su gani. Sai na tarar rabin aikin ana yinsa ne tun kafin a buɗe manhajar da ke haɗa bidiyo, irin su CapCut ko KineMaster.

Da farko dai, sai hoton takarda ya shiga waya. A shimfiɗa shi a inuwa da rana, a goge ƙura, a kashe fitilar waya don kada ya yi ƙyalli, sa'an nan a ɗauke shi daga sama sosai, ba a karkace ba.

To, babbar magana ita ce siffa. Hoto a waya ƙananan ɗigo ne jere reras, waɗanda ake kira fiksel. Bidiyon da aka fi yi yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, watau faɗi goma sha shida, tsayi tara. Hotunan kakana kuwa yawancinsu a tsaye suke. Ni da gaggawata sai na ja gefensu don su cika allo. Da kakata ta gani ta ce, "Kai, yaro, yaushe Malam ya yi wannan ƙiba?" Fuskarsa ta baje kamar faifai! Hanya biyu ce kurum: ko a yanke sama da ƙasa, ko a bar hoton yadda yake, a sa masa fili a dama da hagun. A ganina ta biyun ta fi, gama yanka kan tafi da hula ko rawani. In kuma ɗigon hoto sun gaza na allo, sai ya fito dishi-dishi, don manhaja ba ta iya dawo da abin da babu.

Wannan ne ya sa ba a so a karɓi hoto ta WhatsApp yadda aka saba, domin yakan matse shi ya rage masa kyau. A roƙi mai aikowa ya turo shi a matsayin fayil.

Hoton mutane a ajiye shi a JPEG. Tambari ko rubutu wanda ake so a ga abin da ke bayansa, PNG ya fi dacewa. Wayar iPhone takan ajiye nata a HEIC, wanda wasu manhajojin ba su karɓa, sai an juya shi.

Daga nan a tara su wuri guda, a sa musu lamba 01, 02, 03, yadda za su jeru da kansu. Kowane gyara a yi shi a kan kwafi, na asali a bar shi. Iyaye kuma, don Allah a zauna da mu a gaya mana sunayen waɗanda ke cikin hotunan. A cikin namu akwai mutum uku da kakata kaɗai ta gane su.