Ƙungiyar Malamai da Aljihun Malamin Sakandare

Duk ƙarshen wata, kafin albashi ya faɗa asusun malamin makarantar gwamnati a Nijeriya, an riga an cire kuɗin ƙungiya. Tambayar da ake yawan ji a ofishin malamai, tsakanin tarin littattafan da ke jiran maki, ita ce: me wannan kuɗi yake tsinana mana?

Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta girmi Nijeriya mai 'yanci. An kafa ta a Legas a 1931, shugabanta na farko kuwa shi ne Rabaran Israel Ransome-Kuti, mahaifin mawaƙi Fela. A Arewa, Malam Aminu Kano ne ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman yankin a 1948, lokacin yana riƙe da alli, bai tsunduma siyasa ba tukuna. Daga baya malaman Arewa da na Kudu suka haɗe a inuwa ɗaya.

Idan ana maganar abin da ƙungiya ta samo, shekarar 2008 ake fara tunawa. A damina ta wannan shekara malamai suka rufe azuzuwa na tsawon makonni suna neman tsarin albashi na musamman. An ƙare da yarjejeniya da gwamnoni a kan ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari. Haka kuma a ranar 5 ga Oktoba 2020, Ranar Malamai ta Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da ƙarin shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, na aiki kuma daga 35 zuwa 40, abin da ya zama doka a 2022. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya zo a banza. Sai da aka yi ta zarya da barazanar yajin aiki.

Sai dai sa hannu a Abuja daban, kuɗi a aljihu daban. Albashin malamin sakandare na hannun gwamnatin jiharsa ne. Ƙarin 2008 ya ɗauki shekaru kafin wasu jihohi su fara biya, sabon tsarin albashin da aka yi alkawari a 2020 kuwa har yanzu yawancin malamai a kunne kawai suka ji shi. Shi ya sa reshen jiha ya fi hedikwata muhimmanci ga malamin da ke Gumel ko Funtuwa. Shi ne zai bi takardar ƙarin girma da ta fito amma kuɗinta bai biyo baya ba. Shi zai tsaya a kan kuɗin hutu, da ariyas, da giratutin dattijon da ya ajiye aiki ya koma gida yana jira. Shi ne kuma zai shiga tsakani idan an tura malama mai goyo ƙauye mai nisa ba tare da dalili ba. Inda shugabannin reshe suke da ƙashin baya, malami yana gani a ƙasa. Inda suka zama 'yan amshin shatan gidan gwamnati, kuɗin ƙungiya ya koma haraji kurum.

Akwai kuma ƙorafin da malaman sakandare suka daɗe suna yi: malaman firamare sun fi su yawa nesa ba kusa ba a cikin NUT, don haka matsalolin firamare ne ke cin gaban ajanda, musamman rigimar albashi da ƙananan hukumomi. Wannan ne ya haifar da ASUSS, ƙungiyar malaman sakandare zalla. NUT ba ta yarda da halaccinta ba, shari'a ta yi ta gungurawa har Kotun Ƙoli a 2021, kowane ɓangare kuma yana fassara hukuncin yadda ya dace da shi. Masu goyon bayan ASUSS na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suna da gaskiyarsu. Amma abin takaici, a jihar da ƙungiyoyi biyu ke jayayya kan wa zai karɓi kuɗin wata, ɗaya na kiran yajin aiki ɗaya na cewa a koma aji, gwamnati ce ke samun sauƙi.

Kaduna ta nuna iyakar ƙarfin ƙungiya. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sanar cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, ta kuma sallame su. NUT ta tafi yajin aiki a Janairun 2018, bai hana korar ba. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357, ciki har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba, akasarinsu saboda ƙin zama wata jarrabawar gwaji. Malaman sakandare a ko'ina sun ɗauki darasi: ƙungiyar da ba ta jawo iyayen yara gefenta ba, da wuya ta yi nasara a kan gwamna.

Abin da malamai da yawa suka fi amfana da shi ba ya fitowa a jarida: asusun gama-kai da ke ba da rance mai sauƙi, buhun shinkafa da sukari a biya kaɗan-kaɗan gab da azumi, gudummawa ga iyalan abokin aiki da ya rasu. Malaman makarantu masu zaman kansu, waɗanda akasarinsu ba su da ƙungiya, ko wannan ba su samu. Da yawansu na karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, kuma mai makaranta na iya sallamar mutum da baki.

Ƙungiya dai tana da amfani, amma ba ta gyaruwa da gunaguni a ofishin malamai. Malamin da ake cire wa kuɗi duk wata yana da haƙƙin halartar taron reshe, ya nemi a karanta masa lissafin shiga da fita, ya kuma kaɗa ƙuri'a ranar zaɓen shugabanni.