Yadda Na'ura ke Tsare Bayanan da ba a Cika Sauya su ba

Ɗalibai, duk wanda ya shiga Gidan Waya, garin da Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna take, ko ya zaga kasuwar Kafanchan, zai ga wayar hannu ta zama jakar kuɗin jama'a. Da ita ɗalibi ke karɓar kuɗin makaranta daga gida, da ita mai sayar da citta ke ganin shigar cinikinsa. Mafi yawan waɗannan wayoyi, irin su Tecno da Infinix da Samsung, suna aiki ne da babbar manhaja mai suna Android. A can cikin Android kuma akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira kanel, wato ƙwayar manhaja. Kanel ɗin Android shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan.

Kanel shi ne shugaban duk abin da ke gudana a cikin na'ura. Shi ke raba wa ƙananan manhajoji wurin ajiya, shi ke ba su izinin taɓa kyamara ko saƙonni, shi ke hana wannan leƙa sirrin waccan. Domin ya yi wannan aiki, yana riƙe da bayanai masu yawa a ma'adanar na'ura. Wanda ya sami damar sauya waɗannan bayanai ya mallaki wayar baki ɗaya, har da asusun bankin da ke cikinta.

Ku dubi makarantarku, za ku ga rubutu iri uku. Akwai na allo, wanda malami ke gogewa ya sake sau da yawa a yini. Akwai sunan makaranta da aka rubuta da fenti a bakin ƙofa, wanda ba a taɓa shi. Sannan akwai kundin sakamakon jarrabawa, wanda ake karantawa kullum amma ba a rubutu a cikinsa sai ƙarshen zango, ko ranar da za a gyara wani kuskure. Bayanan kanel ma haka suka kasu. Wasu suna sauyawa a kowace daƙiƙa, wasu ba sa sauyawa sam, wasu kuma sai jefi-jefi. Na ukun su ne masu wuyar tsaro, domin ba za a bar su a buɗe kamar allo ba, ba kuma za a kulle su har abada ba.

Dabarar kullewa tana cikin ƙirar na'urar kanta. Ana yanka ma'adana gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiran ta shafi, kuma a yawancin na'urori shafi ɗaya yana ɗaukar bayit 4,096. Kanel yana riƙe da jadawalin shafukan nan, inda aka yi wa kowane shafi alama: ko dai "a karanta kawai", ko "a karanta a kuma rubuta". Duk lokacin da wata manhaja ta nemi yin rubutu, ƙwaƙwalwar na'ura takan duba alamar tukuna. Idan shafin na karatu ne kawai, sai ta ƙi, ta kai ƙara wurin kanel. Tun daga ƙwaƙwalwar Intel 80486, wadda ta fito a 1989, akwai wani makunni da idan aka kunna shi, dokar takan hau kan kanel ɗin kansa.

Kuna iya tambaya, me zai sa a hana shugaba rubutu a kundinsa? Dalili shi ne kanel ɗin Linux ya ƙunshi miliyoyin layukan umarni, mutane ne suka rubuta su, kuma ɗan Adam ajizi ne. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai kutse ba ya buƙatar mabuɗi; kuskure ɗaya yake nema wanda zai sa kanel ya yi rubutu da hannunsa a wurin da bai yi niyya ba. Misali, Linux yana ba kowane mai amfani da na'ura lamba, kuma lambar 0 ta mai cikakken iko ce. Idan muguwar manhaja ta yaudari kanel ya mayar da lambarta 0, ta zama sarki. Haka nan akwai jerin adireshi da ke nuna wa kanel inda zai nufa idan an nemi ya buɗe fayil ko ya aika saƙo. Wanda ya sauya adireshi ɗaya a jerin ya karkatar da aikin zuwa gidansa.

Mataki na farko da masana suka ɗauka shi ne tattara duk bayanan da ba sa sauyawa a zuba su a shafukan karatu kawai. Mataki na biyu ya shafi bayanan da ake rubutawa sau ɗaya lokacin da na'ura ke tashi, daga nan ba a sake taɓa su. A shekarar 2015 wani masani mai suna Kees Cook ya jagoranci kafa shirin sa kanel ɗin Linux ya riƙa kare kansa, kuma a 2016, a fitowa ta 4.6, aka shigar da hanyar kulle irin waɗannan bayanai da zarar na'ura ta gama tashi.

Saura na jefi-jefi. Hanyar da ta fara zuwa a rai ita ce a buɗe shafin, a yi rubutu, a mayar a kulle. Amma wayar zamani tana da ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas masu aiki a lokaci guda. Idan aka sauya alamar a jadawalin da dukkansu ke dubawa, ƙofa ta buɗe wa kowa, kuma mai kutse yana iya laɓewa yana jiran wannan ɗan lokaci. Saboda haka aka fito da dabaru biyu. Ta farko, wadda masu aikin tsaro na PaX suka daɗe suna amfani da ita a kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa irin ta Intel, ita ce a kashe makunnin nan a ƙwaƙwalwa ɗaya tak, a hana wani aiki karɓe ta, ta yi rubutun, a mayar da makunnin. Ta biyu ita ce a yi wa shafin ƙofar wucin gadi a wani adireshi dabam wanda ƙwaƙwalwa ɗaya kaɗai ke gani, a rubuta ta nan, a toshe ta nan take.

Wasu kamfanoni sun ƙara gaba, suka naɗa wa kanel mai gadi da ke sama da shi, wata ƙaramar manhaja wadda kanel ba shi da ikon taɓawa. Samsung yana yin haka a tsarinsa na Knox, Microsoft kuma ya sanar da irin wannan kariya ga bayanan kanel ɗin Windows a 2020. Kowace dabara tana da farashi, domin buɗewa da kullewa suna cin lokaci. Shi ya sa ba a yi wa bayanan da ke sauyawa kullum wannan tsaro, don kada wayar ta yi nauyi.

Ku ma kuna da naku rabon aikin. A watan Oktoba na 2016 aka bayyana wani kuskure a Linux da aka laƙaba wa suna Dirty COW, wanda ke ba manhaja damar rubutu a fayilolin da aka ce na karatu ne kawai. Ya kwana a cikin kanel tun 2007, ya kuma shafi wayoyin Android masu ɗimbin yawa. An gyara shi, amma gyaran ba ya isa wayar da ba a sabunta ba. Don haka idan wayarku ta nemi a sabunta ta, kada ku yi ƙyashin data. Ku guji saukar da manhaja daga inda ba ku sani ba, kuma kada ku yarda mai gyara ya fasa muku kullen waya da sunan ƙara mata ƙarfi. Rigakafi ya fi magani.

Sababbin Kalmomi

kanel: sashen babbar manhaja mai iko da dukkan na'ura
ma'adana: wurin da na'ura ke ajiye bayanai yayin aiki
kutse: shiga wuri ba da izini ba
jefi-jefi: lokaci zuwa lokaci, ba kullum ba
ajizi: wanda bai cika goma ba, mai yin kuskure

Tambayoyi

1. Kawo ayyuka uku da kanel ke yi a cikin waya.
2. Da wane irin rubutu na makaranta aka kwatanta bayanan da ba a cika sauyawa ba?
3. Me ya sa buɗe shafi ga dukkan ƙwaƙwalen na'ura yake da haɗari?
4. Bayyana ma'anar karin maganar bango da ƙadangare kamar yadda ta zo a wannan darasi.