Toman, Kifin da Ke Tasowa Shan Iska

A Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, babu hunturu. Zafi ne shekara duka. To, ruwa in ya ɗumama, iskar da kifi ke shaƙa cikinsa raguwa take yi, kifaye da yawa su lafe. Ban da toman, ɗan'uwan tufi na kogunan Nijeriya, wanda kan kai kilo 20. Allah ya hore masa wani gurbi cikin kansa, da shi yake tasowa ya shaƙi iskar sarari. Wannan tasowa masunta ke dako, su jefa ƙugiya. Abin takaici, sun fi samunsa sa'ad da yake gadin jajayen 'ya'yansa. In aka kama iyaye, 'ya'yan sun zama abincin wasu kifaye.