Ɗan turken wasan golf: kowa da daidai shi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Damargu, wanda ya je cin rani Kano, wataƙila ya ga filin wasan golf, wanda wasu ke cewa ƙwallon lambu. Da sanda ake bugun ƙaramar ƙwallo har ta faɗa rami. Ramu 18 ne.

Kafin bugun farko, ana kafa ɗan turke a ƙasa, a ɗora ƙwallo bisa kansa. A da, tsibin rairayi ake yi. A 1899 wani baƙar fata likitan haƙori a Amurka, George Grant, ya yi rajistar turken icce. Doka ta ce kada tsawonsa ya wuce wajen santimita 10.

Turakun ba ɗaya ba ne. Sanda mai babban kai tana son dogon turke, rabin ƙwallo ya leƙo saman kanta. Ƙaramar sanda, gajeren turke. Sabon shiga ya nemi turke mai gaɓa, wanda ke tsayawa wuri ɗaya in an kafa shi. Gwani kuwa da ido yake aunawa. In turke ya yi tsawo, ƙwallo ta tashi sama a banza. In ya yi gajarta, ta bi ƙasa.

Haka hauya take, daga Tanut har Belbeji. In ka ba yaro hauyar ubansa, zai gaji tun da hantsi, ya sare hatsi tare da haki. Kafin damina, a je wurin maƙeri, a yi wa yaro ƙota daidai tsawonsa.