Ko Ka Sani? Akwatin da Ke Kwanci Kamar Kaza

Duk wanda ya tashi a Kusasu, ko wani ƙauye na gefen dajin Birnin Gwari, ya san yadda tsohuwa kan zuba wa kaza ƙwan zabo a akurki, ita kuwa ta kwanta a kai da haƙuri har ya ƙyanƙyashe. To, ko ka san likitoci suna da wani akwati mai irin wannan kwanci, sai dai abin da ke cikinsa asalin ɗan Adam ne?

Sau da yawa miji da mata kan shekara goma babu haihuwa, ana yi wa matar gorin juya, alhali illar ba ta wuce toshewar hanyar da ƙwanta ke bi zuwa mahaifa ba, ko kuwa raunin maniyyin mijin. Idan suka je wa likita, sai ya yi mata allurai har ƙwayayenta su nuna, ya zuƙo su da siririyar allura, ya haɗa su da maniyyin mijinta a ɗan faranti, sa'an nan ya rufe a akwatin nan mai duhu, wanda ɗuminsa digiri 37 ne, daidai da na jikin mutum. A nan nuɗufar za ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, bayan kwana 3 zuwa 5 a dasa ta a mahaifar uwa ta wani siririn bututu.

Ta wannan hanya aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila ran 25 ga Yuli, 1978, bisa ƙoƙarin Patrick Steptoe da Robert Edwards, a 1998 kuma Dakta Ibrahim Wada ya ci irin wannan nasara a asibitin Nisa da ke Abuja.

Malamai ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na birnin Amman cikin 1986, ta halatta dashen idan buƙata ta kama, da sharaɗin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, mahaifa kuma tata, domin kiyaye nasaba. Abin da ya halatta ga kaza da ƙwan zabo bai halatta ga 'ya'yan Adamu ba.

Akwatin dai yanayi irin na jikin uwa kaɗai yake bayarwa, shi ya sa dashen wani lokaci ya kama, wani lokaci ya ƙi. Sababi ne, neman magani kuwa ba ya warware tawakkali. Saboda haka kafin a ɗora wa baiwar Allah laifi, ya kamata miji ya bi ta asibiti a duba su tare.